Ganye a Kan Kwalta

Ƙafar bayan mota ta ɓalle wa Ɗantani a wurin da ko maƙiyinka ba za ka yi wa fata ba: cikin dajin Falgore, a gangara, bayan kwanar da mai tahowa daga Doguwa ba ya ganin gabansa sai ya karyo ta. Motar ta durƙusa da lodin masara, ta cinye hannunta kaf, har ta ɗan ciji na masu zuwa daga Tudun Wada. Ya sauko ya zagaya ta yana salati, ya jibga wa tayoyin duwatsu. Malam Shitu, mai masarar, ya tari ɗan acaɓa ya tafi nemo makanike, ya bar shi da rana da ƙudaje.

Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace sannan ya tuna da Mujitaba. Tare suka yi lodi da ƙanen nasa a Doguwa da safe, ya baro shi ana ɗaure masa tampol. Ko yanzu ko an jima yana tafe a kan wannan hanya, da kaya har sama, kuma Mujitaba in ya ga gangara ji yake kamar an yi masa kyauta. Ɗantani ya zaro waya, ya ɗaga ta sama, ya hau kan buhuna ya sake ɗagawa. Babu sabis ko ɗigo.

Akwai jar alamar nan mai kusurwa uku da ake kafawa a bayan motar da ta lalace. Guda ɗaya gare su shi da ƙanensa, tana nan sabuwa fil a ledarta, don ba a taɓa fito da ita ba sai in jami'an hanya sun tambaya. Yau da safe Mujitaba ya roƙe shi ita, ya ba shi. To, ga mai bukatar alama a nan, ga alama can a motar wanda za a yi wa gargaɗin.

Ya koma ga abin da kowane direba ya sani. Ya faɗa daji ya karyo rassan kanya da hannu, ya haura gangarar yana jera su a kan kwalta, tsibi-tsibi, har bayan kwanar. Wata bas ta zo, direban ya ga ɗanyen ganye ya rage gudu, ya raɓa ta gefe ya wuce yana ɗaga masa hannu. Ɗantani ya sami inuwar mota ya zauna. Bai kai ga miƙe ƙafa ba ya zabura.

Shi ya koya wa Mujitaba tuƙi, tun ranar da Inna Kaltume ta kama hannun autan nata a zaurensu na Yako ta danƙa masa, ta ce ga amana. Cikin karatun da ya ba shi har da wannan, kuma da alfahari ya faɗa: "Ganye iri biyu ne a titi. In ɗanye ne, taka birki, akwai mota a gaba. In busasshe ne, na wanda ya gyara ya tafi ne, kada ka ɓata iskar birkinka, wuce abinka." Ai kuwa titi cike yake da irinsa, don wa ya taɓa ganin direba ya gyara mota ya koma kwashe ganye? Shi kansa Ɗantani, daga Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa, Allah kaɗai Ya san tsibi nawa ya bari a baya.

Bazara ce, kwalta kuwa ta yi zafin da za ta gasa gurasa. Da ya koma bayan kwanar ya tarar ganyen ya yi yaushi, ya naɗe, iskar motoci ta bi shi da toka-tokar ƙasa. Ga wasu tsofaffin rassa na wani da ya lalace a nan tun tuni, nasa da su ba ka bambancewa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Daga nan Ɗantani ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya karyo sabo ya jera, ya gangara ya duba duwatsun tayoyi, ya hauro ya tarar sabon ya fara sunkuyar da kai. Ya tsayar da wata ƙaramar mota mai zuwa Doguwa.

"Don Allah, ɗan'uwa, in ka haɗu da babbar mota mai koren bodi, ka tsayar min da shi. Ƙanena ne."

"Zan yi masa fitila," in ji direban, ya ja motarsa.

Fitila! Wadda direbobi ke wa juna wuni guda don gaisuwa. Ɗantani ya bi motar da harara, ya koma daji. Ƙaya ta tsage masa tafin hannu bai ji ba. Ƙishirwa ta busar masa da maƙogwaro, jarkar ruwa tana cikin mota, amma duk sanda ya juya zai je sai ya ji kamar ƙugin inji daga kudu, ya tsaya ya kasa kunne.

Ana cikin haka garken shanu ya fito zai tsallaka titi. Da suka ga ɗanyen ganye a jere, a tsakiyar bazara, sai suka ɗauka walima aka shirya musu. Kafin ya rugo sun lashe rabi.

"Baffa, kora su! Rai ne a kan ganyen nan!"

Dattijon makiyayin ya dube shi, ya dubi hannunsa mai jini, ya daka wa shanun tsawa suka wuce. Ya zare addarsa ya miƙa masa. Ɗantani ya sari reshe ɗaya, ya ɗaga addar zai sari na biyu, sai ya ji hon. Ko cikin motoci ɗari ya san wannan hon ɗin, mai kuka sau biyu kamar jaki, shi ya raka Mujitaba sayensa.

Ya yar da addar. Ya fito titi a guje da reshen, ya haura har ya wuce tsibin farko, ya tsaya a tsakiyar kwalta yana kaɗa shi sama da hannu biyu. Koren bodin ya bayyana, yana tahowa kamar an koro shi. Ɗantani ya ga motar ta bi ta kan tsofaffin rassan ko gezau. Ya yi ta ihun sunan ƙanensa, alhali ya san ba mai jin sa. Sai da ya hango fuskar Mujitaba ta gilashi sannan birki ya yi ƙara, tayoyi suka tayar da hayaƙi, shi kuwa ya yi tsalle ya faɗa rami.

Yana kwance yana jin motar tana jan ƙafa, ta sha kwanar tana kuka. Ya rufe ido. Fuskar Inna kawai yake gani, da abin da zai je ya faɗa mata. Can ya ji ƙum, buhuna suka zubo, sannan shiru.

Bai san yadda ya isa ba. Hancin motar ya shige bayan tasa, gilashi ya tsage, ruwan lagireto yana tsiyaya a ƙasa. Ƙofa ta buɗe, Mujitaba ya sauko da ƙafafunsa, leɓensa a fashe. Daɗi da haushi suka haɗe wa Ɗantani, ya ci kwalarsa ya ɗaga hannu.

"Kai makaho ne? Ba ka ga ganye ba?"

"Na gani, Yaya." Mujitaba ya tofar da jini. "Busasshe ne."

Hannun ya sauko da kansa. Ɗantani ya saki kwalar, ya gyara masa ita. Daga can saman gangara wani injin ya fara ƙugi.

"Miƙo min alamar nan," in ji shi.

Mujitaba ya zaro ta daga bayan kujera. Ɗantani ya yage ledar da haƙori, ya juya ya sake haurawa da gudu.