Riƙon Zubaida

Ranar da aka yaye Zubaida, ubanta, ƙanena Dabo, ya ɗauko ta ya dire mini a tsakar gida. 'Yar fari ce, uwarta Haulatu ko sunanta ba ta kamawa don kunya, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ni kuwa ban taɓa haihuwa ba, mijina ya rasu tun shekarar da aka soma Shari'a, gidan ya yi mini faɗi. A hannuna aka gano Zubaida ba ta ji. A hannuna kuma muka ƙirƙiro maganarmu: in na shafa ciki abinci ke nan, in na kwantar da kunci a tafi barci ke nan. Duk Daura babu mai gane ta sai ni, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi.

Tana shekara huɗu aka ce wasu likitoci za su zo Kano su dasa wa yara na'urar ji a bayan kunne, sunanta ya fito. Tun daga nan komai ya koma "ina uwar yarinya?" Haulatu aka kira, ita aka karanta wa dokoki, ita ta sa hannu. Da ta dawo abu ɗaya ta gaya mini, shi ma kanta a sunkuye: kada a ba yarinya abinci safiyar aikin. Sauran ta haɗiye, don ba ta iya zama gaban yayar mijinta tana zancen 'yar farinta. Ni ma ban tambaya ba. Wai ni Hasana in nemi bayanin Zubaida a bakin wata?

Saura kwana biyar haƙori ya tasar wa yarinyar. Na je kemis na sayo asfirin, ina ɓara mata rabi safe da yamma. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce ban iya riƙo ba.

A asibiti likitan sa barci, Dakta Maliki, ya zaunar da mu. Ya ce wurin da za a yi aikin bai kai ƙwayar wake ba, jini kaɗan in ya taru sai ya rufe wa mai tiyata gani, ga kuma jijiyar fuska a kusa. Aikinsa shi ne ya sa ta barci, ya riƙe jininta a kwance har a gama. Duk bayanin nan Haulatu yake kallo, ni kamar kujera.

"Maman Zubaida, cikin makon nan ta sha wani magani? Musamman asfirin, shi yana hana jini tsayawa da wuri."

"Ba ta sha ba," in ji Haulatu.

Na kama bakina. Na ce a raina, ai ga uwa nan, ta ba shi amsa. Allah ya yafe mini, na fi minti goma a haka, ina kallo aka sa wa Zubaida 'yar riga, aka ɗora ta a gado mai taya. Sai ta tsorata. Ta tsallake uwarta da ido, ta nemo ni, ta kwantar da kunci a tafinta tana tambayata ko barci za ta yi.

Na miƙe. "Likita, ta sha. Ni na ba ta, kwana biyar."

Ya tsayar da gadon. Bai yi faɗa ba, ya dai tambayi nawa da yaushe, ya shiga ya fito, ya ce an ɗage aikin sai zuwan likitocin na gaba, wata uku. Ya ce gara da na faɗa.

Dabo ne bai ga haka ba. Da motar Daura ta sauke mu a tasha, sai ya tare ni.

"Yaya, kin yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma yarinya za ta koma wajen uwarta. Likita ya ce wanda ke karɓar bayani shi ya kamata ya riƙe ta."

Haulatu ta ce, "Yaya, laifina ne, ni ban gaya miki ba." Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

An yi aikin lafiya, ba a je da ni ba. An ce jinin da ta zubar bai taka kara ya karya ba. Da aka kunna na'urar aka umarci Haulatu ta riƙa kiran sunanta kullum, aka jingine kunya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina jin ta safe da rana, "Zubaida, Zubaida," kamar mai rama bashin azumi. Ina murna, ina kuma kishi, duka biyun a ƙirji ɗaya.

Bayan watanni aka kawo mini ita yini. Na zuba mata ɗanwake, na shafa cikina yadda muka saba. Ba ta dubi hannuna ba. Bakina ta zuba wa ido tana jira. Da ta ga na yi shiru sai ta ce, "Goggo," ta ja ƙarshen kalmar daidai yadda Haulatu take ja.

Na sauke hannuna na ce, "Zo ki ci abinci."