Bututu Biyu a Jirgin Maikuɗi

Abdulwahabu ya durƙusa a bakin rumfar surukarsa zai gaishe ta, sai idonsa ya faɗa kan fankar. Ƙarama ce, baƙa, an ɗaure ta a jikin gimshiƙin rumfar, an jona ta da batirin sola tana hura wa Inna Asabe iska. Ya san ta sarai. Shi ya sayo ta a Gusau, shi kuma ya ɗaura ta da hannunsa cikin jirgin surukinsa kwana tara da suka wuce.

Da ƙyar ya ƙarasa gaisuwar. Kansa a sunkuye ya tambayi yadda aka yi fankar ta zo gida. Inna Asabe ta yi dariya, ta ce Malam ne ya kawo mata shekaranjiya, wai jirgi ba ya gumi, ita ce ke yi. Da ya tambayi matarsa Rufaida, wadda ta kwana biyu a gidan, sai ta ce ai tun safe ta bi mahaifinta ƙetare wajen suna, da an yi azahar za su juyo.

Ana kiran sallar ya buga babur.

Shekara arba'in surukin nasa Maikuɗi ya yi yana tuƙa kwalekwale a mashigin da ke yamma da Gummi. Bana ne ya sayi babban jirgi mai injin mota a cikinsa, an rufe injin da tankin fetur a ƙarƙashin daɓen katako. Abdulwahabu kuwa bakanike ne, a Anka ya koyi aiki kan injinan niƙa dutsen zinari kafin aure ya zaunar da shi Gummi. Ranar da ya fara ɗaga katako ɗaya na daɓen, warin fetur ya doke shi har sai da ya ja baya. Tiyon tankin na tsatsafa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi, kwanciya yake a ƙasan jirgi kamar ruwa, yana jiran tartsatsi guda.

Ya ɗaure tiyon iya ƙarfinsa, ya ce sai an sayo sabo. Sannan ya huda wuri biyu a jikin jirgin, can sama da inda ruwa ke kaiwa, ya sa bututu a kowanne. Bututu ɗaya na shigo da iska daga gaba, ɗayan ya sauka har ƙasan injin, fanka na zuƙo tururin tana fitarwa. Ya gaya wa tsohon ya riƙa kunna fankar gwargwadon lokacin alwala kafin ya murɗa makulli, ya kuma ɗaga katako ya sansana. Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, yana kallon ƙasa, yadda ake yi wa suruki magana. Maikuɗi ya ce to. Amma ya daɗe yana kallon hujin nan biyu. Mutum ne da kullum da safe yake zagaya jirginsa da tsumma da gwangwanin kwalta, duk inda ya ga kafa ya toshe, yadda ubansa ya koya masa.

Gulbi ya cika ya batse, ruwan ja wur. Daga wannan gaɓar Abdulwahabu ya hango jirgin a ƙetare, mutane na shiga da buhuna da tumaki. Tun hantsi jirgin yake tsaye cikin rana. Nababa mai kwalekwale, da ke zaune yana gyaran koma, ya ce masa ai sun gyara masa ɓarnar da ya yi, shi ma ya taya Maikuɗi cusa tsumma a bututun, suka bi da kwalta, ko iska ba ta shiga.

Abdulwahabu ya zaro waya. Ya kira Rufaida. Sai a kira na uku ta ɗauka, hayaniyar mata na tashi a bayanta. Ya tambaye ta inda take zaune, ta ce kusa da Baba, bisa katakon injin. Ya tambaya ko tana jin wari. Ta ce tun ɗazu kanta ke sarawa, wata tsohuwa ma ta yi amai.

Ya ce ta miƙa wa Baba wayar.

"Mi ya hwaru?" in ji Maikuɗi.

"Baba, don Allah kada a taɓa makulli. A sauke mutane, a ɗaga katakon duka, a bar shi ya sha iska."

"Mutane na jira, hadari na tahowa. Jiya sau huɗu munka ƙetare lahiya lau."

"Jiya da safe anka yi, bai sha rana ba. Baba, wuta za ta tashi."

"Wuta bisa ruwa? Yaro, kai ka san inji, ni na san jirgi. Ba a barin kafa ga jirgi."

Tun da ya auri 'yarsa Abdulwahabu bai taɓa kallon idon mutumin nan ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Yanzu sai ya ji muryarsa ta tashi har Nababa ya saki komar.

"Za ka kashe mutane, Baba! Ka sauke su!"

 Sai muryar Rufaida ta dawo, ta ce Baba ya ajiye mata wayar a cinya, ya juya baya, kowa na kallonta.

"Ki hita," ya ce. "Ki gaya ma duk wanda ke jin ki shi hita."

"In kunyata shi gaban jama'a?"

"Rufaida, ni ne mijinki. Ki hita yanzu, ki yi nisa da gaɓa."

Ya tsaya yana kallo, wayar manne a kunnensa. Ba abin da ya motsa. Can sai ya ga mayafi shuɗi ya miƙe, ya ratsa tsakanin buhuna, ya sauka kan yashi. Mata biyar suka bi ta, da wani mutum mai jan tunkiya. Sauran suka gyara zama, wasu ma suka matsa suka cike gurbin. Ya hango Maikuɗi ya miƙe, ya dubi 'yarsa a kan gaɓa, sannan ya sunkuya wajen makulli.

Hasken ya riga ƙarar isowa. Daɓen ya tashi sama gaba ɗaya, katako da buhuna da mutane, wuta ta bi fetur ta shimfiɗu a kan ruwa.

Suka faɗa kwalekwalen, Nababa ne ya tuƙa, Abdulwahabu na taya shi da tafin hannu. Kafin su kai ɗaya gaɓar sun tsamo mutum uku, biyu da rai. Masunta suka fito daga ko'ina. Da la'asar an jera gawa bakwai a kan yashi an rufe da zannuwan 'yan suna. Maikuɗi ne na biyu daga dama.

Ya sami Rufaida zaune nesa da jama'a, ba ko ƙwarzane a jikinta, jini kaɗan na bin kunnenta na hagu. Ya durƙusa ya kira sunanta sau biyu, ba ta ji ba, sai da ya taɓa kafaɗarta. Ta ɗago ta dube shi, ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Wa zai gaya ma Inna?"

Ya tashi ya nemi Nababa ya mai da shi gaɓar gida, wajen Inna.