Rubutun Bayan Allo

An dakatar da Neville Ackroyd daga aiki ranar Litinin da hantsi, bayan ya shekara talatin da ɗaya yana kafinta a kamfanin iyalin Thirlby da ke wajen garin Ripon. Takardar ta ce ya ƙi ba shugabanni haɗin kai.

Tushen rigimar wani ɗakin karatu ne a gidan wata attajira a Landan. Wata bakwai Neville ya yi yana haɗa shi da katakon walnat: kantoci daga ƙasa har rufi, ƙofofi goma sha biyu, da alluna da suka rufe bango. Mako biyar da kafa shi, ƙofofi huɗu suka lanƙwashe, allo biyu suka tsage. Matar gidan ta kira lauyanta.

Da safiyar ranar Litinin ɗin, Piers Thirlby, ɗan marigayi mai kamfanin, ya kira shi ofis. Cressida Vane, wadda ta tsara ɗakin, tana tsaye bakin taga da waya a hannu.

"Zauna mana, Neville."

"Wandona duk ƙura ne, Yallaɓai. Kujerar nan ni na yi ta, na san wahalar goge ta."

Piers ya turo masa takarda. An rubuta cewa kafinta ya zaɓi katakon da bai gama bushewa ba.

"Sa hannu kawai. Ba wanda zai taɓa aikinka. An yi kuskure, mun gyara, magana ta mutu."

Neville ya karanta sau biyu. Katakon nan shekara shida ya yi a rumfa, shi da kansa yake juya shi. Kuma kowa a wurin aikin ya san ƙa'ida: kafin a buga ƙusa ko ɗaya, sai katako ya yi mako uku a jere a ƙasan ɗakin da za a kafa shi, ya saba da iskar gidan. Cressida kwana huɗu ta ba shi, saboda mai ɗaukar hoton wata mujalla zai zo ranar Juma'a. Ta kuma sa aka ƙure na'urar ɗumama gida don fenti ya bushe da wuri.

"Haba Baba Neville," in ji Cressida, "ba wanda ya ce ba ka iya aiki ba. Ni dai ban tuna wata maganar mako uku ba."

"A kicin na faɗa miki, kina cin tuffa. Kika ce katako ba baƙo ba ne da sai ya huta gajiyar hanya."

"Akwai shi a rubuce?" in ji Piers.

"Mahaifinka bai taɓa neman takarda a wurina ba."

"Babana ya rasu, Neville. Yanzu ni ne."

"Na lura."

Ya ajiye biron a kan takardar ya fita. Kafin ya gama sauka daga bene, sakatariya ta biyo shi da takardar dakatarwa. An riga an buga takardar tun kafin ya shiga ofis.

A ƙasa ya soma naɗe kurfunansa na sassaƙa ɗaya bayan ɗaya cikin jakar fata. Maureen Oddy, mai shafa wa katako mai, ta cire safar hannu ta zo ta tsaya a kansa.

"To, sarkin taurin kai, me suka ce?"

"Wai ɗanyen katako na zaɓa."

"Kai? Kai da kake shinshina katako kamar mai sayen kifi?" Ta yi tsaki. "Me ka rubuta a bayan allo?"

Neville ya dakata. Duk kafintan wurin, idan ya zo kafa allon ƙarshe, sai ya rubuta sunansa da fensir a bayansa, da kwanan wata, da yadda aikin ya gudana. Ba don shugabanni ake yi ba. Saƙo ne ga kafintan da zai buɗe bangon bayan shekara ɗari, don haka bai ma kawo shi a ransa ba a ofis.

Piers ya sauko karɓar makullin motar kamfani daga hannun Neville. Bai taɓa riƙe zarto a wurin nan ba, bai san al'adar ba.

"Ranar Laraba za a cire allunan a gaban lauyan matar gidan," in ji shi. "Ka yi tunani kafin lokacin."

"Ka ce kana son rubutu, Yallaɓai. Za ku tarar da shi a can."

"Wane rubutu?"

"Sunana. Sannan: an kafa bayan kwana huɗu bisa umarnin Cressida Vane, ɗaki da zafi, na ce a jira, zai tsage."

Injinan wurin suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Piers ya dubi Maureen, ta ɗaga kafaɗa.

"A bayan wane allo?"

"Allunan guda arba'in da shida ne. Ka bi su a hankali, kada ka ƙara tsaga wani."

Da yamma Neville yana wanke kofi a gida Maureen ta kira shi a waya. Piers ya nemi kafintoci uku su tafi Landan ranar Talata, kwana ɗaya kafin lauya, wai su duba ɓarnar, amma kowa ya san allon da ke da rubutun yake nema. Biyu sun ce bayansu na ciwo. Na ukun, mai 'ya'ya uku da sabon gida, ya ce zai ba da amsa da safe.