Gyaran Wake a Rumfar Zuleiha

Shekara ashirin da 'yan kai ina ɗinkin buhu a kasuwar Aboabo, kusa da rumfar Zuleiha mai wake. Ni ba mai yawan magana ba ne, ita kuwa tana da ta mutum biyu, shi ya sa muka daɗe ba mu ɓata ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka yi mata aiki a gwiwa, likita ya ce ta zauna gida a Zogbeli wata biyu. 'Yarta Basiratu, wadda ta gama karatun tattalin arziki a jami'a tana jiran aiki, ita ta karɓi rumfar. Ƙanen Zuleiha, Sidiki, ya daɗe yana cewa a ba wani mai sayar da wayoyi hayar wurin, yayarsa ta huta. Ranar ƙarshe kafin a kwantar da ita, Zuleiha ta gaya wa 'yar a gabana cewa dukiyarta ba waken ba ne, mutanen da ke zuwa saye ne. In ta dawo ta tarar sun watse, ba za ta iya sake tara su da wannan ƙafar ba, sai Sidiki ya yi yadda yake so.

Basiratu yarinya ce mai lura. Sati guda ta yi tana ciniki yadda uwar ke yi: a cika olonka, wato gwangwanin awo, a juye a buhu, mai saye ya ce a yi masa gyara, a ɗan ja, sannan a ƙara masa hannu guda. Abin bai yi mata ba. Ta ce mini mai baki yana tafiya da hannu biyu, mai kunya yana tafiya da rabin hannu, ga ɓata lokaci. Sai ta sayo sikeli, ta sa maƙeri ya yi mata gwangwani wanda ya fi olonka da hannu biyu cif. Kuɗin bai canza ba. Ta rubuta a kwali ta rataya: "Babu gyara. An riga an sa a ciki."

Ta yi mini bayani da haƙuri. Duk mai saye, in ji ta, abin da yake so shi ne ya samu mafi yawa da kuɗinsa. A kan wannan aka gina karatunsu tun daga shafin farko. Na ce Allah ya ba da sa'a. Lissafin ya yi daidai a kunnena, ban ga inda zan kama shi ba.

Ranar Litinin Mma Ajara ta zo. Ita ce mai sayar da wake da shinkafa a Changli, tun Basiratu na goye take saye a wurin. Aka auna mata gwangwani shida. Ta riƙe bakin buhun a buɗe tana jira. Basiratu ta nuna mata kwalin.

"Ban iya karatu ba, 'yata. Sa mini gyara."

"Mma, yana ciki. Ya ma fi wanda kika saba samu."

"In yana ciki, ya aka yi ban gan shi yana shiga ba?"

Basiratu ta jera gwangwanayen biyu, sabo da tsoho, ta nuna mata bambancin. Mma Ajara ta duba, ta ce lallai sabon ya fi, ta biya, ta tambayi jikin Zuleiha, ta tafi. Litinin ta gaba sai muka hango ta a rumfar Yidana, wani mai wake can tsallaken hanya. Bayan ita masu ƙosai biyu suka bi. Kafin wata ya cika, buhunan da ake kawo mini ɗinki daga rumfar Zuleiha sun ragu ƙwarai, Sidiki kuma ya fara wucewa da mai wayoyin nan suna auna faɗin ƙofa da ido.

Wata rana Mma Ajara ta biyo ta gabanmu da kayanta. Basiratu ta gaishe ta, ta roƙe ta a ɗora buhun a sikeli. Tsohuwar ba ta ƙi ba. Waken Yidana, har da gyaransa, bai kai na Basiratu ba. Ta ɗaga kai tana jiran tsohuwar ta yi mamaki.

"Na sani," in ji Mma Ajara. "Tukunyata ta gaya mini tun ranar farko."

"To me ya sa, Mma?"

"In na baro wurinsa raina fari nake tafiya. In na baro wurinki, har gida ina jin kamar an ƙwace mini wani abu. Ni ma ban ce ina da gaskiya ba."

Da ta tafi, Basiratu ta tambaye ni ko mutanen kasuwa ba sa son kansu ne. Na nuna mata buhun da ke hannuna. Na ce na gama ɗinkinsa tun ɗazu, amma in mai shi ya zo zan ƙara masa zare biyu a baki yana kallo. Buhun ba ya buƙata. In ban yi ba, sai ya yi ta jan ɗinkin yana neman inda na ha'ince shi. Sai ta ce ai a shekararsu ta ƙarshe an koya musu wani abu mai kama da haka: cewa zuciya ba ta auna abu da sikeli, tana auna shi ne da abin da ta saba, kuma zafin rasa kaɗan ya fi daɗin samun da yawa. Ta ci jarrabawar sosai. Sai dai ta ɗauka labarin wasu mutane ne, waɗanda ba su yi lissafi ba.

Na ce ta je Changli ta gaida tsohuwar, ko ba komai ƙawar uwarta ce.

Washegari Basiratu ta zo tana dariya ita kaɗai. Ta je, in ji ta, ta sayi wake da shinkafa na kuɗi sidi goma. Da idonta ta ga ludayin farko bai cika ba. Mma Ajara ta fara naɗe ganyen da ta zuba a ciki, sai ta tsaya, ta dube ta, ta buɗe ta ƙara loma guda da ɗan taliya, ta ce wannan na 'yar Zuleiha ne.

"Baba Ganiyu, na san dabarar. Na gan ta tana yi. Amma wallahi har na hau keken yalo-yalo ina jin daɗi."

Ta cire kwalin. Ta dawo da tsohon olonka. Abu ɗaya ta ƙi bari: ba za ta rage wa kowa abin da babban gwangwanin ke ba shi ba. Don haka kowa hannu biyu ne. Mai kunya tana zuba masa ba tare da ya roƙa ba. Mai baki kuwa sai ya roƙa, ta ɓata fuska, ta ce kasuwa ta yi tsada, ta zuba ɗaya, ya fara ɗaure buhu, sannan ta ce ya tsaya, ta ƙara na biyu.

Masu ƙosan suka fara dawowa. Mma Ajara ta ɗauki sati biyu, don kada a ce abin ya dame ta.

Ranar da ta dawo, ranar ce Sidiki ya kawo Zuleiha a yalo-yalo ta ga wurin da idonta kafin a yanke magana. Aka ba ta bencina ta miƙe ƙafa. Tana kallo aka auna shida, aka yi ja-in-ja, aka zuba hannu ɗaya, aka zuba na biyu. Mma Ajara ta ɗaure buhunta, ta juyo.

"Zuleiha, ki zauna gida ki yi jinya. Yarinyar nan hannunta ya fi naki sakewa. Sama da shekara ashirin kina ba ni hannu ɗaya kamar ana cire miki haƙori."

"Ki ji tsoron Allah, Ajara. Ke da ludayinki mai rami?"

Sidiki ya duba matan da ke tsaye suna jiran awo, ya ce shi zai je ya dawo. Zuleiha ta ce in ya ga mai wayoyin ya ba shi haƙuri.

Sai idonta ya sauka kan sikelin, yana gefe an rufe shi da zane. Na gaya mata wani mahauci ya taya shi sau biyu, 'yar ta ƙi sayarwa. Ta tambaye ta amfanin me yake yi mata yanzu. Basiratu ta ce babu, amma abin da ya taya bai kai yadda ta saya ba.

"In kin ajiye shi, kuɗin zai dawo ne?"

Basiratu ta gyara zanen da ke kan sikelin, ta kira mai bi a layi.