Ana Ruwa a Can

Da yaƙi ya ƙare, Kofur ya kawo wa Inna gwangwanin madara cike da ƙasar kabarin autanta, sojan da suka binne a ƙetaren teku. Ta ajiye shi a bakin taga.

Ran nan rana ta ƙwalle, babu ko alamar hadari, ta taɓa ƙasar ta ji ta jiƙe sharkaf. Nan take ta buga wa Kofur waya.

"Ɗan nan, can inda kuka baro min shi, ruwa ake yi?"

Kofur ya ce, "Inna, wa ya gaya miki? Yanzu damina ce a can."

"Kuma kun san shi da ciwon ƙirji!"

Ta janyo tsohon bargonsa ta lulluɓe gwangwanin. Sai a lokacin tarin autan nata da take jiyowa tun safe ya lafa.