Gwiwar Malam Abdussalami

Malam Abdussalami ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a wani gari na kan hanya, Wad Haddad, a yankin Jazira, don ya ɗebi auduga kaka ɗaya. Shekara talatin da biyu ke nan. A cikin 'yar wannan tsayawar ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, ya binne mata, amma in an tambaye shi sai ya ce shi matafiyi ne.

Bana dai Alhaji Maliki, mai jigilar alhazai, ya samo motar da za ta kai maniyyata bakin teku. Sai dai ya lura Malam na ɗan jan ƙafa, ya ce ba zai ɗauke shi ba sai da takardar hakim, wato likita. Barakatu, 'yar Malam, ta raka shi asibitin birnin Sinnar.

Hakim ɗin Balarabe ne, ko gemu bai tara ba. Ya zaunar da Malam a kan dogon tebur, ƙafafu na reto, ya ɗauko 'yar gudumar roba. Malam na ganinta ya gane haƙurinsa za a gwada. Shi kuwa kunama ta taɓa harbinsa a sahun salla bai motsa ba, kuma ya yi ƙoƙari kowa ya ji labarin. Ya ɗaure ƙafa tamau.

Hakim ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa. Shiru. Ya ƙara, shiru. Ya ɓata fuska.

"Ya Haj, ƙafar nan ba ta amsawa. In jijiyar ta mutu, ba zan rubuta maka takarda ba."

"Baba, don Allah saki ƙafar!" in ji Barakatu.

"Ke! Gaban yaron ga zan yi harbi kamar jaki?"

Hakim ya zauna, kamar ya haƙura. Ya tambayi Malam yadda garinsu yake.

An daɗe ba a yi masa wannan tambaya ba. Fanka na juyawa a sama a hankali, ta taga kuma hasken kogi na wasa a jikin bango. Malam ya ce akwai fadama. Yana faɗa sai ga ta, shar, da ƙamshin albasa bayan ban ruwa. Ga shi yaro, ƙafafunsa sun nutse cikin taɓo mai sanyi har idon sawu, belbelu na sauka ɗaya ɗaya. Ruwan Rima ya taso ya gauraya da na Sinnar, kwalekwale ɗaya na bin su duka biyun. Daga can tsallake mahaifiyarsa na kiransa da wani suna da babu mai saninsa a duk Jazira. Ya buɗe baki zai amsa.

Tak!

Ƙafar ta tashi, takalmi ya yi sama ya bugi kabad ɗin magani. Barakatu ta toshe baki da mayafi.

"Wallahi ba ni na yi ba!"

"Na sani," in ji hakim, ya jawo takarda. "Saƙon daga gwiwa yake zuwa lakar ƙashin baya, ita ta ba da umarni ya dawo. Kafin labari ya kai kanka an gama. Ba a neman shawararka."

"Shekara sittin ina tare da ita."

"Jijiyarta lafiya lau. Kaushi ne ya tsage maka diddige, a shafa mai."

Ya buga hatimi. Malam ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ninke, ya sa cikin hula.

A motar komawa gida, gonakin auduga na wucewa fari fat, ya jira har Barakatu ta fara gyangyaɗi. Sannan ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya rufe da riga, ya juya tunaninsa wani wuri da gangan, ya sari gwiwar da gefen hannu.

Ta harba. Ɗan kasuwar da ke zaune a gabansa ya waiwayo.