Gwangwanayen Allon Ubale

Tasalla tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ran wata Laraba, aka yi sallama aka ce motar da ɗanta Rufa'i ya shiga zuwa Doguwa ta kife a dajin Falgore, har an binne shi a can. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira ba, don haka ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta tattara gyaɗarta.

Rubuta allunan shaguna ne sana'arsa. A duk garin Yako allonsa guda ya rage, na injin niƙan Ubale. Tasalla ba ta karanta boko, amma ta san hannunsa: harufa ba jela ba ƙafa, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa, masu ciki kuma a zagaye kamar bakin ƙwarya. Direba kan karanta su ko bai rage gudu ba.

Damina uku ta cinye fentin. Wata safiya ta kai niƙa, ta tarar Ubale ya ɗauko wani mai fenti daga Ƙiru, Ladan, zai kankare allon ya zuba rubutu mai lanƙwasa irin na yayi. Ta tambayi Ladan ko ba zai bi sawun tsohon rubutun ba. Ya ce ai ya gwada, hannu ba ya fitar da zagaye haka. Shi kansa yana mamakin da me aka ja shi.

Ta koma gida ta dawo da ƙunshi a gefen mayafi: gwangwanin madara, na tumatir, murfin kwalba, da wani guntun katako. Ta kifa na madarar a kan babban harafi, ya hau daidai.

"Wannan madara ce zalla. Wancan tumatir ne da sanda a dama. Ɗigon kuma murfi."

"Inna, ashe ke ce malamar," in ji Ladan yana dariya.

"Kayana ne ake sacewa a yi aikin da su, ɗan nan. Ni da wutsiyar ido nake kallo."

Ubale ya ce shi dai a karanta daga titi. Har la'asar Ladan yana zagaye gwangwani da fensir, tana cewa matsa nan, buɗa can. Da ya gama, ya tambayi sunan mai aikin na fari don ya sa a gindin allon. Ta sunkuyar da kai. Ubale ne ya faɗa.

Ta daɗe tana duban ƙananan harufan, sannan ta tambaya daga ina sunan ya fara. Ladan ya nuna mata. A cikinsu guda ɗaya ta gane, zagayen murfi da sanda a dama.

Har yau, ko ba ta da niƙa, takan bi ta ƙofar injin da hantsi, ta sa bakin mayafi ta goge garin da ya hau sunan.